Ba Labari Sakkwato Ta Rasa Ba

A zamanin nan akwai wata irin tafiya da waɗansu mutane su ke yi wadda ba fatauci ba ce, ba ziyara ba, ba kuwa cin rani ba. Mutum ɗaya tak zai ɗaure kayansa, ya nufi ƙarshen duniya inda babu gari, babu itace, babu ko ciyawa, sai ƙanƙara iyakar ganin ido, ya yi wata biyu yana tafe shi kaɗai. In ya komo da rai, sai ya shiga zaga birane yana gaya wa mutane cewa ƙanƙarar nan narkewa ta ke yi, duniya tana ɗumama, a yi hattara. Labarin irin waɗannan mutane ya kan iso Sakkwato ta rediyo da wayar hannu, har waɗansu masu ilmin zamani na birnin sun ɗauka cewa shelar nan ita ce babban aiki, ita ce kuma abin koyi. Suka raɗa mata suna "wayar da kan jama'a". To, zancen nan yana bukatar a tankaɗe shi, a fid da tsaki.

Da fari ya kamata mai karatu ya san inda a ke magana. Duniya a dunƙule ta ke kamar lemo, tana kuwa juyawa kamar an soke ta da tsinke. Wurare biyun nan da tsinken zai ɓullo, sama da ƙasa, su ne Ƙuryar Arewa da Ƙuryar Kudu. Rana ba ta hawa tsakar ka a can, sai dai ta ratsa ta gefe, rabin shekara ma ba ta fitowa ko kaɗan. Saboda haka sanyin wurin ya wuce misali. Ɗarin da ya ke sa mutanen Sakkwato jin wuta a watan Janairu, in aka kai shi can sai a kira shi bazara. A Ƙuryar Arewa teku ce ta daskare, bisa sandararren ruwa mutum ya ke takawa. A Ƙuryar Kudu kuwa ƙasa ce sosai, sunanta Antatika, ta yi girman Nijeriya wajen sau 15, ƙanƙara ta lulluɓe ta, kaurinta a matsakaici wajen kilomita 2.

A 1978 wani mutumin Japan, Naomi Uemura, ya isa Ƙuryar Arewa shi kaɗai, karnuka na jan kayansa. A kan hanya wata ƙatuwar dabba fara mai cin nama, wadda ta fi zaki girma, ta shigo zangonsa ta yi masa ɓarnar guzuri, duk da haka bai juya ba. Daga ƙarshen 1996 zuwa farkon 1997 Borge Ousland, mutumin Norwe, ya ƙetare Antatika daga wannan gaɓa zuwa waccan, kilomita 2,845 cikin kwana 64, yana jan kayansa da kansa. A 2016 wani sojan Ingila, Henry Worsley, ya gwada irin wannan ƙetarawa, ƙarfinsa ya ƙare bayan wajen kwana 70, aka ɗauko shi a jirgin sama, ya rasu a asibiti. A 2007 kuwa wani mai suna Lewis Pugh ya tuɓe ya yi ninƙaya ta kilomita guda a Ƙuryar Arewa, don dai ya nuna wa duniya cewa wurin da a ka sani a daskare ga shi ya buɗe har a na iyo a ciki. Duk wanda ya ce waɗannan mutane ba jarumai ba ne ya zalunce su.

Abin da su ke faɗa kuma gaskiya ne. Tun 1979 taurarin ɗan'adam su ke auna ƙanƙarar tekun arewa. A wajejen 1980 abin da ya kan saura a watan Satumba, sa'ad da narkewar shekara ta kai iyaka, ya kai murabba'in kilomita miliyan 7. A 2012 bai kai miliyan 3 da rabi ba. Dalili kuwa sananne ne. Gawayin kwal da man fetur da gas, in an ƙone su, su kan fitar da wata iska da ido ba ya gani, wadda ta ke taruwa a sama ta zama kamar bargo, zafin rana ya shigo, fita ta yi masa wuya. Kafin zamanin masana'antu iskar nan kashi 280 ce cikin miliyan, yanzu ta haura 420. Farar ƙanƙara tana mai da hasken rana sama kamar yadda farar riga ta ke yi, baƙin ruwan teku kuwa sha ya ke kamar baƙar riga. Da ƙanƙara ta ja baya sai ruwa ya ƙara shan zafi, ya ƙara narkar da ta kusa da shi. Shi ya sa ƙuryar arewa ta ke ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya.

Wanda kuma zai ce ina ruwan Basakkwace da ƙanƙara, bai san daga inda damina ta ke zuwa ba. Ruwan saman Sakkwato iskar kudu maso yamma ce ta ke ɗauko shi daga tekun Atlantika, nisan da za ta yi zuwa arewa kuwa ya rataya ne bisa zafin teku da na tudu. Masana sun gano cewa cikin dalilan farin shekarun 1970 da 1980 akwai sanyayar arewacin tekun nan, wadda hazon masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wa, har gizagizai suka noƙe kudu. Daga shekarun 1990 ruwa ya komo, amma da wani hali dabam: ya yi ɗif kwana da kwanaki, sa'an nan ya zubo a dare ɗaya kamar da bakin ƙwarya. An auna cewa manyan hadura masu ɓarna a ƙasashen bakin hamada sun ninka sau uku cikin shekara 35 daga 1982.

To, ga inda gizo ya ke saƙa. Wa a ke so a faɗakar?

Mutumin da kakansa ya ba shi labarin yunwar 1914 da a ke kira Kakalaba, ubansa ya ga mushen shanu a bakin hanya a farin 1973, shi da kansa kuma ya ga gero ya bushe a tsaye a 1984, me mai zuwa daga ƙasar ƙanƙara zai ƙara masa? A watan Satumba na 1910 babu wanda ya san madatsar Goronyo, amma a Satumban 2010 ko yaro ya san ta, domin gulbin Rima ya yi ambaliya, ya ci ƙauyuka da gonaki daga Goronyo har Silame, ya yanke hanyar da ta haɗa birni da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Shekara takwas bayan haka, a bazarar 2018, madatsar nan ta janye har a ka ba da labari abin da ya rage bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, a ka shiga fargabar ruwan sha a cikin birni. A ƙasar Gada, wajen Gidan Kaura, tulin rairayi ya hau gonaki. Tafkin Kalmalo na kusa da Illela, wanda masunta da masu noman rani su ka rayu a kansa, ya sha ƙafewa. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato ya kan haura digiri 40, mai azumi a irin waɗannan watanni kuwa ba ya bukatar ma'auni. Gani ya kori ji. Mutanen da su ke kwana a tsakar gida saboda ɗaki ya zama tanda, tara su a zaure a gaya musu duniya tana ɗumama, raini ne a cikin rigar taimako.

Shelar matafiyin nan tana da wurinta, amma wurin ba nan ba ne. Nahiyar Afirka duka, da ta ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin shida na mutanen duniya, abin da ta ke fitarwa na iskar nan bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Wanda bai taɓa ganin fari ba, ɗakinsa na da na'urar sanyi, abincinsa daga kanti ya ke zuwa, shi ne ya ke bukatar wani ya daskare a ƙanƙara kafin ya farga. A yi masa wa'azin a London da Washinton da Bejin, inda hayaƙin ya ke tashi, inda kuma a ke da ikon rage shi bisa alkawarin da ƙasashe su ka ɗauka a Paris a 2015. Can ne tafiyar Ousland da ninƙayar Pugh su ke da amfani.

Bal ma tafiya mai nisa ba baƙon abu ba ce a ƙasar nan da za a tsaya a na riƙe baki. Alhazan da su kan taka daga Sakkwato zuwa bakin Bahar Maliya, su yi shekaru a hanya. Har wa yau ayarin gishiri ya kan ƙetare hamadar Tenere daga wajejen Agadas zuwa Bilma, ba mai ɗaukar hotonsu, ba mai ba su lambar girma. Su kansu Turawan bincike da su ka zo nan, koyo su ka zo yi. Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya yi masa bayanin ƙasashe da koguna, har ya ba shi taswira ya tafi da ita Ingila. Ya sake dawowa, ajali ya riske shi a nan a watan Afrilu na 1827. Littattafai sun cika da sunansa, amma sunayen jagorori da masu raƙuman da su ka kawo shi galibinsu sun ɓace. Haka al'amarin mai tafiya ya ke tun da can: yabo nasa, ɗawainiya ta jama'a. Ko waɗanda a ke cewa sun je ƙanƙara su kaɗai, akwai matuƙin jirgin da ya sauke su, da mai sauraron rediyonsu, da attajirin da ya biya kuɗin.

Nijeriya ma tana da nata matafiyin, labarinsa kuwa ya fi na sauran dacewa da wannan magana. Newton Jibunoh, injiniya ne, mutumin Jihar Delta. A shekarun 1960, yana saurayi, ya gama karatu a Ingila ya tuƙo mota shi kaɗai ya ƙetare Sahara ya komo gida. A shekarar 2000, ya haura sittin, ya sake ƙetarawa shi kaɗai, wannan karo don ya ja hankalin mutane ga kwararowar hamada. A 2008 ya yi ta uku, tare da matasa. Da a nan ya tsaya, da labarinsa ya zama abin hira kawai. Amma ya kafa ƙungiya mai suna FADE, ya je ƙasar Makoɗa ta Jihar Kano ya shiga dashen itatuwa tare da mutanen wurin. Watau shi da ya sha wuyar tafiyar ya gane cewa tafiya sallama ce kawai, ba a kuwa ƙoshi da sallama.

Masu koyi na gida sallamar su ka ɗauka su ka bar sauran. Tun da wani saurayi ya taka daga Ikko zuwa Abuja a 2015 don murnar zaɓe, tattaki ya zama yayi, ko wane dalili sai an taka dominsa. Haka kuma sha'anin yanayi ya koma. A buga riguna da huluna masu rubutu, a ɗauki kyalle a zaga gari da rana tsaka. A kama zaure a babban masauki, a kunna na'urar sanyi da janareto, a yi jawabi da Turanci a kan illar hayaƙi, a ci shinkafa, a raba kuɗin mota. Babba kuwa shi ne bikin dashen itace na shekara. A share fili, a kafa rumfa, babban baƙo ya tsuguna ya sa dashe a rami, a miƙa masa buta ya zuba ruwa, a tafa, a ɗauki hoto. A faɗi a rediyo an dasa dubu kaza. Kafin mako ya zagayo akuya ta yi kalaci da rabi, sauran kuma bazara ta gama da su. Baɗi a komo, wani lokaci ma a filin bara, a sake tona ramukan bara. Da duk itatuwan da a ka ƙidaya a rediyo sun rayu, da yanzu mutum ba ya ganin rana tsakanin Sakkwato da Illela.

Ba wani asiri a cikin mutuwar dashen nan. Ƙaramin itace a ƙasa irin ta Sakkwato, inda damina ba ta wuce wata huɗu, sai an dasa shi da ruwa ya zauna, ba a ƙarshen Agusta ba sa'ad da babban baƙo ya sami sarari. Sai an kewaye shi da ƙaya ko kwando saboda dabbobi. Sai an yi ta ba shi ruwa rani biyu, har saiwarsa ta kai ga laima. Aikin nan na wata ashirin ne ko fiye, ba shi da kiɗa, ba shi da hoto, ba a kuwa iya yinsa da tattaki. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, mai nufin ratsa nahiyar daga Senegal zuwa Jibuti, wanda Sakkwato ta ke cikin jihohi 11 na Nijeriya da ya shafa, shi ma a nan zai tsaya ko ya faɗi: wa zai ɗauki bokiti a watan Afrilu?

Abin da ya fi ciwo shi ne inda masu jawabi su ke ɗora laifi. Da an tashi zancen hamada sai a nuna matar da ta ke girki da itace, a ce jahilci ne. Ita kuwa ta fi mai jawabin sanin tsadar itace, domin ita ce ta ke ƙirga ƙirare kafin ta ɗora tukunya. Ba ƙaunar hayaƙi ta ke ba. Kananzir ya fi ƙarfinta, gas ya fi ƙarfinta, wutar lantarki kuwa baƙuwa ce. Wanda ya ke so ta rage itace ya kawo mata murhu mai tsimin wuta a kuɗin da za ta iya, ko ya sauko da kuɗin gas. Manyan motocin da su ke shigowa birni maƙare da itace da gawayi ba nata ba ne, ba kuma a ɓoye su ke shigowa ba.

Ga maƙwabta nan kusa sun nuna hanya, Hausawa ne kuwa, ƙasarsu ta fi ta Sakkwato ƙarancin ruwa a wurare da yawa. A kwarin Majiya na ƙasar Tawa, wanda ruwansa ya ke gangarowa ta wajen Birnin Ƙwanni zuwa Kalmalo, tun 1975 a ka fara jera dogon yaro layi bibbiyu a tsakanin gonaki don karya iska, a ka sa masu gadi saboda dabbobi, itatuwa su ka tashi, gero ya huta da bugun rairayi. A ƙasar Maraɗi kuma abin ya fi ban mamaki, domin ba dashe a ka yi ba. A 1983 wani ma'aikacin gona mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, bayan ya ga dashensa yana ta mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirrai da manoma su ke sassabewa ko wace shekara toho ne na kututturan itatuwan da, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ita ce manomi ya zaɓi reshe mai ƙarfi, ɗaya ko biyu zuwa biyar, ya sassabe sauran, ya tsare wanda ya bari. Tsohuwar saiwa ta riga ta kai ga ruwa, saboda haka ba a bukatar bokiti. Da fari an yi wa masu yi dariya. Amma da manoma su ka tabbata cewa itacen da ya tashi a gonar mutum nasa ne, ba na ma'aikacin daji ba, sai abin ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci. An ƙiyasta cewa gonaki wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar sun komo da itatuwa ta wannan hanya, itatuwa wajen miliyan 200. Da yawansu gawo ne, wanda ya ke kakkaɓe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci. Babu ɗaya daga cikin manoman nan da ya je Ƙuryar Arewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, su kuwa hannuwa dubbai su ka sa.

Birnin Sakkwato kansa shaida ne cewa mutanensa sun san darajar itace. A saurari sunayen wurarensa: Ƙofar Marke, Ƙofar Kaɗe, Gawon Nama, Rijiyar Ɗorowa, Giginya. Dogon yaron da ya ke inuwantar da tsofaffin titunan gari asalinsa daga Indiya ne, a zamanin Turawa a ka kawo shi, waɗansu mutane da ba a riƙe sunansu ba su ka yi ta ɗaukar ruwa a ka har ya kama. A ƙarƙashinsa a ke sai da goro yau, a ke gyaran babur, a ke jiran la'asar. Sababbin unguwanni kuwa, in mutum ya ratsa su da azahar, sai bulo da kwano da siminti, ko wane mai fili ya cike shi da gini har bakin hanya, ya share gawon da ya tarar don ya sami wurin ajiye mota. Sa'an nan ya zo taro ya yi kukan zafi.

Abin da birnin ya ke bukata ba ya da wuyar faɗi. A daina ƙidaya itace ranar dashe, a ƙidaya shi bayan bazara biyu, wanda ya karɓi kuɗin aikin kuma a biya shi bisa ga masu rai. Ko wane dashe ya zama yana da mai shi da a ka sani da suna, ko magidanci, ko makaranta, ko masallaci. Ruwan alwala da ya ke malala a kwata sau biyar a rana a ƙofar ko wane masallaci, in an yi masa 'yar hanya zuwa gindin itace, ya isa ya raya inuwar da sahu zai tsaya a ciki. Mai neman izinin gini a tambaye shi inda zai sa itace, kamar yadda a ke tambayarsa inda zai sa masai.

A nan ne kuma waɗanda su ka fita yaƙi da jahilci su ke da aikin da ba mai yi musu. Littafin rubutu guda da fensir sun isa. Mai unguwa ya sa mutum ɗaya da ya iya alƙalami ya bi gida gida ya rubuta: itace kaza a ƙofar wane, irinsa kaza, an dasa ran kaza, wane ne mai ba shi ruwa. A wani shafi ya rubuta ranar da ruwan farko ya sauka, da ranar da a ka yi shuka, da yawan kwanakin da ruwa ya ɗauke, da ranar da rijiyar unguwa ta ja. A ƙarshen watan Mayu, kafin ruwa ya rufa wa kowa asiri, ya sake zagawa ya ja layi a kan waɗanda su ka bushe, ya karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a. In jami'i ya zo baɗi da rumfarsa da butarsa ya ce bara an dasa ɗari biyar a unguwar nan, sai a buɗe masa shafin, a tambaye shi ya nuna su.